Cika-Tam da Taya Mai Tumbi

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata a layin nan. Cika-Tam ake ce masa, babba da yaro, har matarsa idan ya ba ta haushi.

Mai faci ne tun kafin gemu ya fito masa. Rumfarsa tana bakin layi, jingine da katangar gidansa: 'yan kwanoni a sama, injin iska mai yin tari kafin ya tashi, rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tub a nemi inda yake huci, da tsohuwar tayar babbar mota da aka kwantar ta zama kujerar baƙi. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya kawo taya, ta keke ce ko ta babur ko ta mota, idan ya gama ba ta iska sai ya buga ta da bayan liba, ƙarfen nan na ɓare taya, ya karkata kunne, ya ce, "Ta cika tam." Muddin bai ji wannan ƙarar ba, ba ya sallamar mutum.

Da a rumfarsa abin ya tsaya da an huta. Amma mutumin nan ba ya iya ganin taya ta yi laushi ya yi shiru, ko ta wane ne. Yana zaune zai hango babur ya taho, ya miƙe ya daka tsawa, "Kai mai babur! Tayarka ta yi tumbi!" Ya taɓa tare likita yana sauri zai tafi wurin aiki, ya sa shi ya fito daga mota don ya gani da idonsa. Sannu a hankali ya koya wa layin gaba ɗaya. Tela ya koya, mai shayi ya koya, mai kanti ya koya, har aka wayi gari babu layin da ya kai wannan sa ido a kan tayar mutane. Shi da kansa yakan ce bai gina makaranta ba amma ya yaye ɗalibai, kuma dukansu darasi ɗaya ya koya musu.

Bayansa ne ya fara yi masa gardama. Shekara da shekaru a durƙushe yana kokawa da tayoyin da suka fi shi nauyi, ranar nan ya sunkuya zai ɗauki liba, sai da aka kama shi sannan ya miƙe. Ya bar wa ƙanensa rumfar, ya koma zaman benci yana gyara masa aikin da bai ɓaci ba. Ƙanen ya yi haƙuri har haƙuri ya gaji da shi. Shi ma Cika-Tam ya lura ya zama kaya, domin da ya buɗe baki sai ƙanen ya tayar da injin iska ko babu tayar da za a ba.

To, matarsa tana da gona, gadon mahaifinta, a wata fadama a bayan gari. Baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, masara tana sonta. Yayanta ke noma ta tun rasuwar tsohon, duk kaka ya aiko mata da rabonta ba sai ta tambaya ba, kuma ba ta taɓa kuka da shi ba. Sai dai akwai abin da ta daɗe tana so ba ta faɗa ba sai da ta ga mijinta yana zaman banza. Tana so ta ga mijinta ne ya shigo mata da amfanin gonar ubanta da hannunsa, ba a aiko mata da shi a bayan motar wani ba. Ranar da ta faɗa masa tana ninke wanki ne, ba ta ko ɗago kai ba, amma ya ji maganar har cikin ƙashinsa.

Ya sayar da wani fili da ya daɗe da ajiyewa, ya sayi 'yar ƙaramar tarakta wadda wani ya riga ya yi aiki da ita, sannan suka je wurin yayan nata. Yaya mutum ne da magana take yi wa wuya. Shi ma Cika-Tam Yaya yake ce masa, ko da yake kusan sa'o'in juna ne. Ya saurare su har suka gama.

"Damina ɗaya," in ji shi. "Ƙasar nan ba ta son a danne ta. Idan ka danne ta, sai ta yi shekaru ba ta huce ba. In ta yi kyau a hannunka, ka ci gaba da noma ta. In ba haka ba ta dawo wurina, kuma ba faɗa ba ne."

"Na ji, Yaya."

Tayoyin baya na taraktar sun yi sanƙo, dole a canza su. A nan ne ran Cika-Tam ya dawo. Noma bai sani ba, amma taya ai gidansu ce. Ya yi ta sintiri wurin dilan tayoyi, ya shafa wannan, ya ƙwanƙwasa waccan, ya fita bai saya ba, har dilan ya daina miƙewa idan ya shigo. Tayoyi iri biyu ne a gabansa. Da abin ya ishe shi, sai ya yanko guntayen tsofaffin tayoyi biyu, ya shigo da su har ɗaki, ya shimfiɗa a kan tabarmar da matarsa ta share yanzun nan.

"Uwar yara, zo ki gani. Kin ga wannan? Tsohuwar saƙa ke nan. Zaren cikinta a gicciye yake, shimfiɗa kan shimfiɗa, shi ya sa gefenta da ƙasanta duk jiki ɗaya ne, tauri gare ta. Kututture ba ya ba ta tsoro, dutse ba ya ba ta tsoro, ga ta da sauƙin saye. In ta fashe ni da kaina zan ɗinke ta."

"To ka saye ta mana."

"Tsaya tukuna. Wannan kuma ita ce radiyal. Zarenta daga wannan baki ya miƙe ya faɗa wancan baki, sannan aka yi mata ɗamarar waya a inda take taka ƙasa. Gefenta laushi gare shi. Ba a cika mata iska da yawa, saboda haka sai ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, nauyin ya rarrabu. Ba ta cika sulɓi ba, ba ta shan mai, ba ta danne ƙasa. Amma fa tsada, kuma in kututture ya same ta a gefe sai dai haƙuri."

"To ka sayi wannan."

"Haba, ke ba ki da tsayayyar magana ne?"

Ta dube shi, ta dubi baƙin da robar ta yi wa tabarmarta. "Malam, ni ban san zare ba. Gonar babana babu kututture, babu dutse, shi da kansa ya tone su tun muna yara. Wadda ba za ta danne masa ƙasa ba, ita nake so. Kwashe mini ƙazantar nan."

Abin da ya yi makonni yana juyawa ke nan ta yanke a tsaye da tsintsiya a hannu. Ya sayi radiyal guda biyu. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi zaɓi daidai. Duk wanda ya san fadamar nan, abin da zai zaɓa ke nan.

Aka ɗaura tayoyi a rumfa, aka ba su iska daidai ma'aunin da aka rubuta, aka sauke jak. Cika-Tam ya ja da baya don ya ƙare musu kallo. Tayoyin sun zauna sun yi tumbi, kowacce ta bubbuɗa kumatu a ƙasa. Ya san radiyal a ƙananan motoci, amma tumbinsu ɗan kaɗan ne, da ya ƙara musu iska yake ɓacewa. Wannan kuwa tumbi ne na a zo a gani. Ya sa gejin awon iska, geji ya ce daidai ne. Ya sake sawa, bai canza magana ba. Kansa ya san haka aka yi ta, idonsa ne bai sani ba, kuma idon ya riga kan shiga sana'ar.

Washegari da safe ya sa sabuwar hula ya hau. Ya daɗe yana hasashen wannan fitar: shi a sama, inji yana ruri, layi yana kallo. Bai wuce shagon tela ba ya ji an kwaɗa masa kira.

"Cika-Tam! Tayarka ta yi tumbi!"

Ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. A teburin mai shayi kuwa mutane har miƙewa suka yi, kowa yana nuna ƙasa da yatsa. Mai kanti ya fito da ludayin awo a hannu. Cika-Tam ya taka burki, ya kashe inji, ya sauko da niyyar ya wayar musu da kai. Ya yi bayanin zare, ya yi bayanin ɗamarar waya, ya kawo tafin raƙumi.

"Haka aka yi ta," ya ƙarasa.

Tela ya ce, "Haka ni ma na ce maka ranar da ka tsayar da ni da babur ɗina a gaban surukaina. Me ka ce mini?"

Mai shayi ya amsa masa, "Cewa ya yi babu tayar da aka haifa da tumbi."

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, cikin tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo, "Ku ƙyale shi, girma ne ya zo. Ido ba ya dawwama."

Wannan maganar ce ta bi shi har gona ta dawo da shi. A ce shi, shi da ya koya musu, yau shi ake yi wa uzuri da tsufa a kan taya? Ya ji haushi, ya ji kunya, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne da shi ne a bencin mai shayi, da muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Sai ya ɓullo da dabara, irin wadda mai hankali ba zai iya ƙirƙiro ta ba. Kullum da sassafe, kafin layi ya cika, sai ya tayar da injin iska ya ɗura wa tayoyin har tumbin ya ɗauke, su tsaya ƙyam. Ƙanensa yakan dubi geji, ya dube shi, ya ci gaba da shara. Sannan ya jira har mai shayi ya tara jama'a, ya ratsa layi a hankali yana ɗaga hannu. A kan hanyar fadama akwai wata babbar bishiya a inda ake karkata kwana. A nan yake tsayawa, ya waiga gabas ya waiga yamma, ya durƙusa da wannan bayan nasa mai ciwo, ya danna bawul da ɗan ƙusa, iskar da ya ɗura da safe ta yi ta fita har geji ya ce daidai. Da yamma babu injin iska a gona, saboda haka sai ya zagayo ta bayan gidaje, ta wajen juji, ya shigo ta baya kamar wanda ya sato taraktar.

Mai tambaya zai ce me ya hana shi fita ta bayan da safe ma, ya huta? Ya tambayi kansa wannan. Amsar ita ce in ya fita ta juji, wa zai gan shi a kan tarakta?

A haka ya yi huɗar farko, kuma ta yi kyau. Tayoyin suka baje a kan baƙar ƙasar nan suna tafiya ba sulɓi, garma tana kifar da ƙasa lub-lub. Yakan tsaya a ƙarshen gona ya waiga ya ji daɗi har ransa. A layi kuma mutuncinsa ya dawo. Mai shayi ya ce, "Ka ga yanzu ka zama kai." Ya karɓi yabon bai ji ko ɗar ba. Saura aiki ɗaya kafin shuka, a bi gonar da haro a farfasa ƙasa a daidaita ta.

Ruwa ya sauka mai yawa, aka ba shi kwana biyu ya ɗan tsane. Ranar haro, ya gama ɗura iska ke nan yana naɗe tiyo, sai ya ji sallama a bayansa. Yaya ne, da 'yar fartanya a kafaɗa.

"Na ce bari in bi ka in ga yadda ƙasar take."

Yaya ya hau ya zauna a kan murfin taya, ya riƙe ƙarfe. Suka ratsa layi ana ta gaishe su, tayoyi tam. Cika-Tam kuwa hankalinsa yana kan bishiyar nan. Duk tsawon hanya yana shirya abin da zai ce a gindin bishiya. Ya ce zai rage iska? Yaya zai ce to wa ya cika ta. Ya ce ƙanensa ne? Yaya ya same shi da tiyo a hannu. Ya ce haka ake yi, a cika don kwalta a rage don gona? Wannan ma tana da ƙamshin gaskiya, amma a ransa ya riga ya ga Yaya yana kallonsa a durƙushe da ɗan ƙusa, yana zubar da iskar da ya gan shi yana ɗurawa, yana gane komai. Da suka iso kwanar, ƙafarsa ta sassauta da kanta saboda sabo, tarakta ta rage gudu.

"Lafiya?" in ji Yaya.

"Lafiya lau."

Ya ƙara wuta suka wuce bishiyar.

Yana shiga gona ya ji bambanci a ƙugunsa. Tayar da ya saba ji tana shimfiɗa, yau a kan tsakiyarta kawai take tsaye, tana yanka ƙasa tana nutsewa. A wajen tudu abin da sauƙi. Da ya gangara inda danshi ya fi, sai ta fara juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka. Ya ƙara mai, ta ƙara tonawa. Ya ja da baya, ya sake shiga, ya bi ta gefe, ya dawo ta inda ya bi. Ɗan ƙusan yana aljihun gaban rigarsa, yana jin sa a ƙirji. Sau nawa ya kai hannu, sai ya hango Yaya tsaye a bakin gona, ya mayar da hannun kan sitiyari. Haro kuwa yana biye da shi yana rufe sawun daga sama, ƙasan kuma ya daskare. Da rana ta yi tsaka gonar ta yi sumul a ido. Yaya ya shiga ya tsuguna, ya tura fartanya a wuri biyu uku, ya murza ƙasa a hannunsa. Da za su koma ya ce shi zai taka da ƙafa.

Aka yi shuka. Masara ta fito, ta kuma fito da labarin gaba ɗaya. Inda taya ba ta bi ba ta tashi kore shar. Inda ta bi, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga, masarar ta yi rawaya ta tsaya iya gwiwa. Layi-layi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har da inda ya ja da baya da inda ya yi kwana, babu wanda gonar ta manta. Cika-Tam yakan ce bai taɓa sanin ya iya zane ba sai da ya ga wannan. Ya zuba taki, ya yi wa ruwan hanya da fartanya har bayansa ya sake kwantar da shi, amma saiwa ba ta huda abin da ya daskare. Abin da aka girbe, ko shigowa da shi ta layi bai yi ba.

Bayan kaka Yaya ya zo gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ƙanwarsa ta kawo masa ruwa, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta zauna. Ya sha, ya ajiye kofi.

"Na yi tunani," in ji shi. "Huɗarka ta farko na je na gani, babu laifi. Hannunka ba mugu ba ne. Ni a ganina tayoyin nan na zamani ne suka cuce ka. Dila ya ga baƙo a noma ya sayar maka da abin da bai dace da fadama ba. Ka cire su ka sa irin na da, in ƙara maka damina ɗaya."

Ga ƙofa an buɗe masa, har an riƙe masa labule. Abin da ake nema kawai ya gyaɗa kai. Ya dubi matarsa, ita kuma tana kallon hannuwanta. Sai dai gyaɗa kan yana nufin ya ɗaura tsohuwar saƙa ya shiga fadamar da ita baɗi, ya ƙara danne ƙasar da ya riga ya danne, da saninsa. Kuma yana nufin a yi wa taya ƙarya a gabansa. Ko wanne ne ya fi damunsa a cikin biyun, shi ma bai tantance ba.

"Yaya, tayar ba ta yi komai ba. Ita ce daidai da gonar. Ni na cika mata iska fiye da ƙima."

"Kai? Kai da ka san taya?"

"Da sanina."

"Don me?"

Ya nemi amsa mai mutunci, bai samu ba. "Don kada mai shayi ya ce ta yi tumbi."

Kaza ta zo ta leƙa kofin Yaya ta wuce. Cika-Tam ya ba shi labarin bishiyar, da ɗan ƙusa, da hanyar juji, yana yi yana 'yar dariya ko wani zai taya shi. Babu wanda ya taya shi.

"To ranar da na bi ka, me ya hana ka ragewa?"

"Kai ne, Yaya. Kunyarka na ji."

"Ni?" Yaya ya buɗe hannuwa. "Ni ko yanzu ka ajiye mini taya biyu ka ce in nuna mai iska da marar iska, sai na tambaye ka. Da ka tsaya ka rage, cewa zan yi aikinka kake yi. Ni ƙasa na je dubawa."

Ya jawo takalmansa, ya sa ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu. Babu fushi a muryarsa, kuma da akwai da ya fi sauƙi.

"Da taya ce, da mun canza taya," in ji shi. "Baɗi zan karɓi gonar."

Cika-Tam ya raka shi bakin ƙofa ya dawo. Matarsa tana nan inda take. Shi mutum ne da bai taɓa rasa abin da zai tsokani kansa da shi ba, har ya buɗe baki zai fara, sai ya ga fuskarta ya rufe.

"Kullum da safe ina jin injin nan ta bayan katanga," in ji ta. "Kullum da yamma ni nake buɗe maka ƙofar baya. Na zaci wasa ne kake yi da mutanen layi, na ce a bar shi, ba ya cutar da kowa." Ta share ido da gefen mayafi. "Na riga na faɗa wa 'yan uwana bana mijina ne zai kawo."

Ta ɗauki kofin Yaya ta shiga ɗaki. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida, ya rasa inda zai zauna.